Awa 30 na reno a Ingila: yadda na samo wa 'yata lambarta

Wata Asabar cikin watan Yunin 2025, bayan la'asar, maigidana ya buɗe kwamfuta a teburin kicin ya ce yau sai ya ga bayan zancen lambar reno, wato lambar da gwamnati ke ba iyaye masu aiki domin a biya musu awa 30 na renon yaro a mako. A gidanmu duk wata takarda a hannunsa take, daga ta haya har ta wuta da ruwa, shi ya sa ban ko ɗago kai daga shayarwar da nake yi ba. Bai fi minti goma da zama ba na ji ya yi salati ƙasa-ƙasa.

"Maman yara, zo ki gani. Abin da ya hana mu lokacin Yaya, yana nan daram."

Na saɓa Auta a kafaɗa na je na tsaya a bayansa. Sharaɗin takardar zama ne ya tare shi. Dole mai neman ya zama ɗan ƙasar Birtaniya ko Ayaland, ko yana da matsayin zaman da aka ba mutanen Tarayyar Turai, ko kuwa takardarsa ta ba shi damar karɓar tallafin gwamnati. Shi kuma tasa bizar ba ta ba shi wannan dama ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na baro Zariya a watan Satumban 2019 da bizar aiki, na bar ɗana na fari, Yaya, wajen Inna, bai daɗe da barin nono ba. Shi da babansa sun biyo ni Manchesta a ƙarshen 2020. Duk wanda ya shigo ƙasar nan da irin bizarmu ya san layin nan da ake rubuta masa a takardar zama, mai cewa ba shi da hurumin taɓa kuɗin tallafi. Da Yaya ya cika shekara 3 a farkon 2021, muka ji abokan aiki suna zancen awa 30 kyauta a mako, tsarin da aka fara tun Satumban 2017 domin 'yan shekara 3 da 4 waɗanda iyayensu ke aiki. Mu ma aiki muke yi, mu biyu, ana cire mana haraji kafin albashi ya iso hannunmu. Amma awa 15 kawai muka samu, wadda ake ba kowane yaro ɗan wannan shekaru ko da wace irin takarda iyayensa ke riƙe da ita. Sauran lokacin da jikinmu muka biya shi. Na koma aikin dare, shi yana yin na rana, sau da yawa a bakin ƙofa muke haɗuwa, yana fita ina shigowa, in karɓi yaro da idon da bai runtsa ba tun jiya. Haka muka yi har Yaya ya shiga makaranta a Satumban 2022. Ban taɓa mantawa da wannan shekara da rabi ba, kuma ita ce ta dawo wa maigidana a gaban kwamfuta ran nan.

Sai dai abubuwa biyu sun sauya tun daga lokacin. Na farko a wajen gwamnati ne. A kasafin kuɗin watan Maris na 2023, ministan kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya sanar da faɗaɗa tsarin zuwa ƙananan yara, mataki-mataki: awa 15 ga 'yan shekara 2 daga Afrilun 2024, awa 15 daga wata 9 da haihuwa a Satumban 2024, sannan cikakkiyar awa 30 daga wata 9 har shiga makaranta a Satumban 2025. Gwamnati ta sauya hannu a 2024 amma ba a taɓa jadawalin ba. Na biyu a wajena ne. A Oktoban 2024, bayan na cika shekara 5, na samu takardar zaman dindindin, wata guda kafin in haifi Auta. Shi maigidan, da yake ya zo bayana, nasa lokacin bai cika ba tukuna.

Na ce masa ya ɗan matsa in karanta da kaina. Na bi layin a hankali har sau biyu. Sharaɗin bai ce iyaye duka biyun ba, cewa ya yi wanda ya cika takardar neman. Abin da ake buƙata daga abokin zama shi ne lambar inshorar ƙasa, wadda ake ba mai aiki domin haraji, da kuma aikin da ya kai ma'auni.

"Baban yara, ai ba gidan aka hana ba. Sunanka ne ba zai shiga gaba ba. Ni zan nema."

Ya yi shiru, ya sake karantawa, sannan ya miƙe ya ba ni kujerar ya karɓi yarinyar. Na san gidaje da dama a cikin mutanenmu da ake a haka, ɗaya ya samu zaman dindindin ɗaya yana jira, kuma da yake an saba namiji ne ke cika takardu, yana ganin sharaɗin sai ya rufe shafin a ɗauka magana ta ƙare. Da ban tashi daga inda nake zaune ba, mu ma da haka za ta faru da mu.

Ban cika fom ɗin a ranar ba, domin akwai lissafi biyu da sai mun warware su.

Na farko lissafin kwanan wata. Yaro ba ya fara cin moriyar awannin ranar da ya cika wata 9, sai farkon zangon da ya biyo baya, kuma zanguna uku ne a shekara: 1 ga Janairu, 1 ga Afrilu, 1 ga Satumba. Dole kuma lambar ta kasance a hannunka kafin ranar, wato zuwa 31 ga Disamba, ko 31 ga Maris, ko 31 ga Agusta. Auta haihuwar tsakiyar Nuwamba ce, ta cika wata 9 a tsakiyar Agusta, ta tsallake da mako biyu. Wata abokiyar aikina Bafilipina da ta haihu a farkon Disamba, mako uku kacal bayana, sai Janairun 2026 ɗanta ya shiga, ta biya kuɗin wata uku daga aljihunta.

A nan ne na gano cewa ni ma na kusa jefa kaina cikin irin wannan. Niyyata in cinye hutun haihuwa gaba ɗaya, mako 52, in koma aiki a ƙarshen Oktoba. Ashe ranar komawar uwa ma tana cikin sharaɗi. Idan kina so awannin su fara a Satumba, sai ki koma aiki kafin Satumba ta ƙare. Wadda za ta koma daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Janairu, nata sai zangon Janairu. Ma'ana da na bi shirina na farko, da mun biya cikakken kuɗin reno na Nuwamba da Disamba, alhali a unguwarmu kuɗin renon jariri na wata guda ya kusa kamo kuɗin hayar gidanmu. Na rubuta wa shugabar sashenmu cewa zan yanke hutun haihuwa a mako na uku na Satumba. Doka ta ce sai ka ba wajen aiki sanarwar mako 8 kafin ka sauya ranar dawowa, don haka ban yi jinkiri ba. Ita ce ma ta tuna mini cewa ina da kwanakin hutun shekara da suka taru tun ina jego, kuma wanda yake hutun shekara ana biyansa albashi, a lissafe ya koma aiki. Da haka na samu ƙarin kwanaki a gida tare da yarinyar ba tare da na rasa zangon ba. Allah ya saka mata da alheri.

Lissafi na biyu na kuɗin shiga ne, kuma shi ya fi ba mu wahala. Kowane ɗaya daga cikin iyayen dole ya zama yana sa ran samun aƙalla kuɗin awa 16 a mako bisa mafi ƙarancin albashi, a cikin wata ukun da ke tafe. A lokacin, wato daga Afrilun 2025, mafi ƙarancin albashin mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa, wato fam 2,539 a wata uku kafin a cire haraji. Ba a haɗa na miji da na mata a raba biyu. Ko da nawa ya ninka haka sau uku, in nasa bai kai ba, gidan ya faɗi. Maigidana yana aiki a wani babban sito ta hannun kamfanin da ke samar da ma'aikata, wani makon ya samu kwana biyar, wani makon biyu. Ga shi ya riga ya yi wa Hajiya, mahaifiyarsa, alkawarin zai je gida ya yi mata mako shida a Yuli da Agusta, rabonsa da ita shekara uku.

Muka ɗauko biro da takarda. Awa 16 sau mako 13, awa 208 ke nan. In ya yi mako shida a Zariya, saura mako bakwai, sai ya yi kusan awa 30 kowane mako, abin da babu wanda ya yi masa alkawarinsa. In ya yi mako uku, awa 21 a mako ta isa. Akwai sassauci ga masu aikin da kuɗinsu ba ya zuwa daidai, za su iya yin lissafi da matsakaicin abin da suke sa ran samu a duk shekarar haraji, amma ni ban so mu rubuta abin da zukatanmu ba su natsu da shi ba. Shi ya kira Hajiya da kansa. Ina jin sa yana cewa, "Hajiya, a yi haƙuri, mako uku zan samu yi, saboda makarantar jikarki ce." Ta yi dariya ta ce wace irin makaranta ce 'yar wata bakwai za ta shiga, sannan ta sa masa albarka.

Akwai iyaka ta sama ma. Idan ɗaya daga cikin iyayen yana sa ran samun sama da fam 100,000 a shekara, babu su a ciki. Mu wannan bai shafe mu ba, amma na ga manyan likitoci a wajen aikinmu suna lissafinsa da gaske, domin gidan da mutum ɗaya ya haura da fam ɗaya ya rasa, gidan da kowanne ke samun fam 99,000 kuwa ya samu.

Cika fom ɗin kansa bai ɗauki lokaci ba. Hukumar haraji ta HMRC ce ke kula da shi, ta shafin gwamnati na intanet. Na shiga da asusun Government Gateway ɗina, aka tantance ni da bayanan da ke takardar albashina, na sa lambar inshorar ƙasa tawa da tasa, lambar da ke takardar haihuwar Auta, da ranar da zan koma aiki. Ana iya nema tun yaro yana mako 23, wato tun ƙarshen Afrilu ni na samu dama, amma da gangan na jira Yuni, zan faɗi dalili nan gaba. Amsar ba ta zo nan take ba. An yi kwanaki ina leƙa asusun safe da yamma, har ranar da na buɗe akwatin saƙonni na ga lamba mai ƙwaya 11. Na rubuta ta a bayan kalandar kicin, na ɗauki hotonta na tura wa maigidan a WhatsApp yana wajen aiki. Amsarsa kalma ɗaya ce, Alhamdulillah.

Lamba ba gurbi ba ce. Wannan na san shi tun da ciki, shi ya sa na sa sunan Auta a jerin masu jira a gidajen reno uku tun kafin a yi suna. Ɗakin jarirai shi ya fi ƙaranci ko'ina, domin doka ta ce ma'aikaciya ɗaya ba za ta riƙe yara 'yan ƙasa da shekara 2 fiye da uku ba, ga shi kowa na neman wuri a Satumba ɗaya. Ɗaya ne cikin ukun ya kira ni. Na kai musu lambar, da lambar inshorar ƙasa tawa, da takardar haihuwa, suka tantance ta wajen ƙaramar hukuma, na sa hannu a takardar da ke nuna awa nawa zan ɗauka a wajensu. Kuɗin ba ya biyowa ta hannun iyaye ko kaɗan, daga ƙaramar hukuma yake tafiya kai tsaye zuwa gidan renon, kuma sai wanda yake da rajistar hukumar Ofsted, mai sa ido a kan makarantu da gidajen reno, ko mai reno a gidanta da ke da rajista.

Inna ta zo mini wankan jego da bizar ziyara, ta yi wata huɗu ta koma. Da na yi mata bayanin tsarin a waya, tambayarta ita ce, tun da gwamnati za ta biya a riƙe yarinya, me ya sa ba za a bar ta hannun nata ba? Na ce mata ko kakar da ke zaune a nan, mai rajistar reno, ba a biyan ta wannan kuɗi a kan jikarta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "'Yar da ko tafiya ba ta fara ba za ki kai wa baƙi?" Ban yi mata gardama ba. A gidanmu na Zariya babu yaron da ya taɓa rasa bayan da za a goya shi, in babu Inna akwai Gwaggo, in babu Gwaggo akwai 'yan matan gida. A nan daga ni sai shi sai bango huɗu. Na gaya mata gaskiya cewa ni ma raina bai so ba, amma na ga abin da aikin dare ba barci ya yi mini lokacin Yaya, har nakan ji tsoron hannuna a kan allura da asuba.

Da takardar kuɗi ta farko ta zo, sai na fahimci iyakar kalmar kyauta. Awa 30 ɗin na mako 38 ne a shekara, lokacin da makarantu ke buɗe, jimla awa 1,140. Asibiti kuwa ba ya hutun zango. Gidan renonmu yana buɗe mako 51, don haka suka shimfiɗa mini awannin a duk shekara, suka koma kimanin awa 22 a mako. Ba a kuma ɗaukar fiye da awa 10 a rana ɗaya. Kwana uku nake kai ta, kwana biyu da 'yan awanni gwamnati ta biya, sauran mu. Abinci da famfas da fita yawo ba sa cikin kuɗin gwamnati. Waɗannan ƙa'ida ta ce ba dole ba ne, iyaye na iya kawo nasu, kuma na yi amfani da wannan: nakan kai famfas ɗinmu, na kuma zauna da mai kula da wurin muka yi maganar abinci, muka tsaya a kan ganye da kifi tun da namansu ba na yankan Musulmi ba ne. Ban ga ɓacin rai a fuskarta ba, ta ce ba ni ce ta farko ba.

Abin da ya rage mana nauyin ragowar shi ne wani asusu da ke tare da lambar, a shafi ɗaya ake neman su. Duk fam 8 da ka zuba, gwamnati ta ƙara fam 2, har zuwa fam 500 a wata uku ga kowane yaro. Daga nan nake biyan gidan renon. Wanda yake karɓar tallafin Universal Credit kada ya buɗe shi, ba a haɗa su biyun, shi nasa hanyar daban ce.

Dalilin da ya sa na jira Yuni shi ne sabuntawa. Kowane wata uku sai ka shiga asusun ka tabbatar cewa bayananka suna nan yadda suke. Ana turo tunatarwa ta imel, amma uwa mai jariri ta san yadda saƙo ke nutsewa. Idan ka manta, ko aiki ya ƙwace maka, akwai ɗan lokacin rangwame da ake ci gaba da biya wa yaron da ya riga ya fara zuwa. Yaron da bai fara ba kuwa, ba zai fara a cikin wannan rangwamen ba. Da na nema a Afrilu, da sabuntawar ta faɗo a Yuli, lokacin da maigidan yake Zariya ni kaɗai da yara biyu, kuma kuskure ɗaya ya isa ya tura mu Janairu. Yanzu ranar tana wayata da wayarsa, kuma tana rubuce a kalandar, kusa da lambar.

Duk wannan a Ingila ne. 'Yar ƙanwar Inna da ke Gilasgo ta ce su a Sikotland kowane ɗan shekara 3 da 4 yana samun awa 1,140 ko iyayensa suna aiki ko ba sa yi, amma babu wannan na 'yan wata 9.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ƙawata 'yar Katsina da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a. Ita da mijinta duka aikin kula da tsofaffi suke yi, duka kuma bizarsu tana ɗauke da layin nan. Suna wanke iyayen mutane, suna ciyar da su, suna biyan haraji kamar kowa, amma 'yarsu ba ta da rabo a awa 30. A ganina wannan ba daidai ba ne. In an ce tsarin na masu aiki ne, to babu wanda ya fi su aiki. Da muka zauna, sai na gane akwai abin da ya fi wannan ciwo. Babban ɗanta ya kusa shekara 4, bai taɓa taka gidan reno ba, domin wani ya gaya mata cewa in ta karɓi ko awa ɗaya, za a lissafa mata shi a matsayin tallafi ranar da ta je neman zaman dindindin.

"Anti, ni tsoro nake ji. Gara in sha wahala da a ce na karya doka."

Na ce mata awa 15 na 'yan shekara 3 da 4 haƙƙin yaro ne, ba ya cikin jerin tallafin da bizarta ta haramta mata, mu ma da shi muka rayu lokacin Yaya kuma bai hana ni takardata ba. Na kuma gaya mata cewa tun Satumban 2022 an buɗe awa 15 na 'yan shekara 2 ga iyalai masu irin bizarta idan kuɗin shigarsu bai wuce iyaka ba. A garuruwan da ba Landan ba, fam 26,500 ne a shekara ga mai ɗa ɗaya, fam 30,600 ga mai biyu ko fiye, kuma ajiyar da ke banki kada ta wuce fam 16,000. Wannan ta ƙaramar hukuma ake nemansa. Da muka haɗa albashinsu su biyu, sun haura iyakar, don haka ƙaramar sai ta jira shekara 3. Babban kuwa babu abin da ya tare shi.

Ranar Litinin da ta biyo baya ba ni da aiki. Na kai Auta gidan reno da safe, ta yi ɗan kukanta na rabuwa sannan ta miƙa hannu ga matar da ke riƙe ta. Daga nan na wuce gidan ƙawata, muka ɗauki takardar haihuwar yaron da takardar da ke nuna adireshinsu, muka taka zuwa makarantar firamaren unguwarsu mai ajin reno. Akwai gurbi a zaman rana, daga bayan azahar. Ita ta cika fom ɗin da hannunta, yaron yana tsaye a bakin taga yana kallon yara suna wasa da yashi.